Fis ɗin da Mai Yatsa ya ɗaure

A garejin manyan motoci Mai Yatsa ake ce masa. Shekara talatin yana gyaran wutar tireloli, kuma kafin ya ɗauko mita sai ya ɗora yatsa a kan fulogi. Da ya ji ɗumi ya san inda zai duba: ko soket ya saki, ko tsatsa ta ci ƙarfen, ko wayar ta yi wa kayan siriri. Direban da ya jona butar shayi da fanka a rami ɗaya kuwa, sai ya sha faɗa kafin a taɓa masa mota. Aikin baƙo ba ya yi masa wasa. A kan na gida ne hannunsa ke sanyi, ya manta sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa.

Ƙaninsa, autan gidansu, direba ne mai ciwon suga, yana da ɗan firji a bayan kujera inda yake ajiye allurarsa. Wata rana da hantsi ya shigo, mota cike da kaya.

"Yaya, fulogin firjin nan zafi yake kamar garwashi, fis kuma ya ƙone sau biyu."

Mai Yatsa ya taɓa, ya janye hannu da sauri. Soket ne ya saki, yana son sabon soket da waya mai kauri. Aikin awa ɗaya ne, amma motoci uku na jiransa.

"Kai Auta, kullum a gaggauce kamar mai zawo! Bari in ɗaure maka, in ka dawo mu yi na gaske."

Ya naɗe ƙonannen fis da silin waya, abin da ya sha zagin wasu a kansa. Shi fis an yi shi ne ya ƙone a madadin mota, ɗaurarre kuwa ba ya ƙonewa.

Kwana biyu da tafiya, kan motar ya kama da wuta. Auta ya diro lafiya, sai ya koma ciro allurarsa, wutar ta cinye masa hannu. Hannun damansa bai ƙara riƙe sitiyari ba.

Mai motar ya zo asibiti yana huci, yana tambayar wanda ya taɓa wayar. Mai Yatsa na tsaye a gefen gado.

"Ni na ɗaure da kaina, maigida," in ji Auta. "Yayana bai ma gani ba."

Mai Yatsa ya yi shiru, kuma shirun nan ya fi gobarar ci masa rai.

Har yau direbobi layi suke yi a wurinsa. Auta kan zo ya zauna a benci, hannun a cikin aljihu. In baƙon direba ya tambaya ko mai gyaran nan ya iya aiki, shi ke riga kowa amsawa:

"Yayana? Ai shi bai taɓa ɗaure fis ba."