Notin Ƙafar Hagu na Motar Babanmu

Shekarun baya yayana ya yi mini dariya a gaban maza huɗu a kan abin da ni ce mai gaskiya, kuma har yau bai ce in yi haƙuri ba. Muna gaisawa, ranar salla ina kai masa tuwo, amma ban manta ba.

A kan motar mahaifinmu ne. Marigayi ya yi wa wani Bature mai sayen auduga aikin direba, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. 'Yar ƙarama ce koriya, kujera biyu, rufinta na tamfol, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi hanya. Mutanen Tambuwal takalmin Bature suke ce mata. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a rumfar ƙofar gida, kaji na ƙwai a kan kujerarta. Rannan yayana ya ce albasa zai zuba a rumfar, in motar ba ta fita da ƙafarta kafin kasuwa mai zuwa ba, 'yan gwangwan za su zo su yayyanka ta. Na ce ba a isa ba. Ya ce to in tashe ta.

Na kira wani bakanike abokin mijina. Injin bai wahalar da shi sosai ba, ta yi tari ta yi tari ta kama. Amma da ya zagaya unguwa da ita sai ƙafafun baya suka riƙa kuka kamar injin niƙa. Ya ce boris ne ya mutu, wato zoben nan mai 'yan ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kansa. Kafin a kai gare shi sai an cire taya, an cire gangar birki, an zaro wani dogon ƙarfe, sannan a tarar da ƙaton noti, shi ne ya danne komai. Ni dai ina tsaye da littafina. Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, na haura arba'in, abin da duk na ji sai na rubuta, ko na gane ko ban gane ba.

Ƙafar dama kafin azahar an gama ta. Noti ya kwance, bakanike ya fizgo kan da tayar ke ɗaure a jikinsa, ya ƙwanƙwaso tsohon boris, ya shafa wa sabo giris ya mayar. Har na fara tunanin zanen da zan ɗaura ranar da za a zaga da ni gari.

Ƙafar hagu ta ƙi. Kwana uku ana kan noti ɗaya. An zuba kananzir, an zuba man birki, an buga da guduma. Aka sa dogon bututu a hannun sifana, maza uku daga teburin mai shayi suka rataya a jiki kamar masu lilo. Ko motsi. Wani tsoho maƙwabcinmu ya ce ƙila mai motar ne ba ya son a taɓa ta, ya kawo ruwan tofi a kofi aka yayyafa wa ƙarfe. Ban hana ba, don ni ma a lokacin ban san me zan gaskata ba.

Rana ta uku na durƙusa na goge notin da gefen mayafina. Sai ga haruffa biyu a jikinsa. Na karanta da ƙarfi, cike da alfahari: "La. Ha." Na ce, "Na dama ba shi da wanga rubutu. Wanga daban na."

Yayana ya dafa kafaɗar bakanike. "Kun ji Malama. Wata fuɗu ga makaranta, har ta gano sunan Baturen."

Duk suka fashe. Ni kuma ban san me La da Ha suke nufi ba. Wallahi har na fara zargin sunan Baturen ne.

Bakanike ya ce gobe zai kawo mai walda a yanke notin da wuta. Bai ɓoye mini ba, ya ce, "Hajiya, in wuta ta ci ƙarfen da notin ka hawa, daga nan har Sakkwato babu irinai. Motar ta ƙare." Yayana ya ce ko ta ƙare ko ta tashi, shi rumfarsa yake so.

Na shiga motar Kebbe ina huci. Mahaifiyata can take zaune wurin ƙanwata, kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin waya. Ba shawara na je nema ba, ƙarar ɗanta na kai. Na same ta bayan la'asar tana ɓarar gyaɗa, na zauna na zazzage mata komai da ƙarfi.

Ba ta ce komai a kan yayana ba. Cewa ta yi, "Wace ƙafa?"

"Ta hagu, Inna."

"Ina sunka juya shi?"

"Inda aka juya noti in za a kwance mana."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ashe ɗaure shi sunka kwana uku suna yi. Ke, ni nika miƙa ma ubanku sifana. Kullum ya zo ga hagu sai ya ce, dibi ɗan banza, baibai Bature ya yi shi."

Na ce baibai kamar yaya? Ta juya hannu a iska kamar mai tuƙa tuwo. Na kwaikwaya, ta ce ba haka ba. Na juya, ta ce shi ne na farko. Kaina ya ɗaure, na rasa damata da haguna. Ta gaji, ta ɗauko kwalbar man shafawarta ta danƙa mini. "Rufe." Na rufe. "To haka za ki yi mai. Yi awa za ki rufe, shi ko sai ya buɗe."

Na kira yayana a waya nan take. Ya ce, "Inna da ka haɗa sunan jikokinta ita za ta koya ma bakanike aiki? Ke da ita ku bar ma maza ƙarfe." Ya kashe. Motar Tambuwal ta ƙarshe kuma ta riga ta tashi.

Motar Baba tana nan har yau, 'yata ma ta koyi tuƙi da ita. Daga baya malamarmu ta ce mini haruffan nan hagu suke nufi da Turanci. Bakanike ya yi mini bayani sau biyu, wai an yi shi haka ne don kada juyin taya ya kwance shi. Na gyaɗa kai, amma gaskiya ban gane ba, har yanzu ma. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mun kira masu ƙarfi, mun kira mai tofi, mun kira mai wuta, babu wanda ya tuna da matar da ta yi shekaru tana durƙushe gefen motar nan. Har da ni. Fushi ne kawai ya kai ni wurinta.

Washegarin zuwana Kebbe, ina idar da sallar asuba na nemi ɗan acaɓa, kwalbar Inna a ƙulle a gefen zanena don kada in rikice a hanya. Na iso na tarar mai walda yana warware igiyar gas ɗinsa. Na ja kujera na zauna daidai gaban ƙafar hagu na ce wanda zai kunna wuta sai ya fara da ni. Na fito da kwalbar na rufe murfin a hankali, ina kallon hannuna. Sannan na sa sifana, na zura bututu, na danna kamar mai rufewa. Bai motsa ba. Na hau da ƙafa ɗaya, na saki nauyina duka.

Notin ya ce ƙas, ya saki.

Na sauko, na karkaɗe zanena, na miƙa wa yayana sifanar. "Riƙe min, Yaya," na ce. "Malama za ta sha ruwa."