Kwalbar Zumar da Habu Ya Aika wa Inna

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Habu a nan Riyad, kuma har yau in na ga habbatus-sauda sai in kau da kai.

Habu mai kula da lambu ne a wani gida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ni kuma direba, ɗakinmu ɗaya a unguwar Ulaisha. Matar kafilinsa, wato ubangidansa, Baturiya ce, ta zo da irin wani fure mai ruwan hoda daga ƙasarsu, ya shuka mata lokacin sanyi. Da furen ya bushe, ya fasa ƙwanson, sai ga 'ya'ya baƙaƙe ƙirin. Ya kawo mini cikin hularsa yana washe baki: "Kai Ilu, habbatus-sauda ce fa Nasara ke ado da ita!"

Ya daka, ya kwaɓa da zuma, kullum yana sha saboda gyambon ciki. Da amai da gudawa suka taso, ya ce cutar ce ke fita. Ni da bakina na ce ya ƙara. Wallahi ni na ce ya ƙara.

Sai a asibiti likita ya duba ragowar 'ya'yan, ya ce wannan ba habbatus-sauda ba ce, wani fure ne mai suna corn cockle, akwai guba a cikinsa mai kumfa kamar sabulu, tana cin hanji, tana fasa jini. Mun makara.

Yanzu 'yan ɗakinmu na tura wa juna bidiyo, wai masana na gwada furen nan a kan ciwon daji. Gwajin gaskiya ne, amma a ɗakin bincike, ba a cokali ba. Na faɗa har na gaji. Da Habu na raye, na san shi, shi zai fara turo mini: "Ka gani? Magani ne!"

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, kwalba biyu ya haɗa. Ɗayar ya aika wa Innarmu a Maradi saboda ciwon gwiwa, kafin ya kwanta. Na kira, na roƙa, na yi kuka ta zubar. Ta ce, "Ajali ne ya ɗauke shi, ba zuma ba. Abin da ɗana ya haɗa mini da hannunsa ba zai tafi bola ba." Ƙanwarmu ta birkice ɗakin kaf, ba ta gan ta ba.

Habu bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Kwalbar nan ce kaɗai ta rage, kuma Inna ta ce ta ajiye ta sai ranar da ciwon ya fi ƙarfinta.

Jiya ta gaya mini gwiwar ta hana ta sujada.