Fuskar Da Ke Cikin Randa

Abubuwa da yawa sun zube mini a kai, amma murhun Kaka Tumba yana nan. A Dakko muka tashi, ni da yayata Hajo. In an sauke tuwo bayan magariba, sai Kaka ta tura kara cikin wuta, ta miƙe ƙafa, ta ce, "To ga ta nan tafe, mai ƙaiƙayi ya sosa tun yanzu." Ba ta son mutsu-mutsu. Ni ma wurinta na gada.

Akwai tatsuniyar da take yawan ba mu, ta wata marainiya da aka ce mata fuskar uwarta na fitowa cikin randar ƙuryar ɗaki. Yarinya ta leƙa, duhu. Ta sa hannu ta laluba, ruwa ya kaɗa, fuska ta watse. Ta yi kuka, hawaye ya ɗiga, ta sake watsewa. Daga ƙarshe kwaɗon gindin randa ya ji tausayinta. Nan Kaka ke shaƙe murya: "Ke ɗiya, buɗe ƙofa kaɗan. Aza haɓarki bisa bakin randa, ki riƙe numfashi. Bar neman fuska duka, nemi ɗigon haske cikin ido guda." Hajo kan yi tsit, ido waje, har marainiya ta ga uwarta.

Bara tatsuniyar ta dawo mini. Tun da 'yan bindiga suka koro su Hajo daga Gidan Goga take kwance a wani ɗakin haya a Talata Mafara, tagarsa ba ta fi faifai ba. Hotonta guda ɗaya ya ƙone can tare da gida. Autanta Bello yana aiki kudu, hanya ta hana shi zuwa, ya roƙi a ɗauko masa fuskar uwarsa tun tana da rai. Ba ta fituwa waje. Walƙiyar hoto kuwa firgita ta take yi tun ranar harbin.

Aka kira Lawali, mijin ɗiyarta ta fari, mai ɗaukar hoton biki. Ya zo da tsohuwar kyamara wadda ake murza gilashinta da hannu. Ya ɗauka, ya duba, ya girgiza kai. Ya sake. Duk dishi-dishi, kamar an shafa koko.

"Inna," ya ce mini, "da hannu nake saita ta. In ban ga idonta ba, ban san inda zan tsaya da murzawa ba."

Ina kallonsu. Hajo za ta ɗaga ido gaban surukinta? Ko sunansa ba ta taɓa faɗi ba. Da ya ɗaga kyamara sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Shi ma kunya ta hana shi tsayar da kyamarar wuri ɗaya.

Na ce, "Kai da ita duk kun ishe ni. Kife turmin can, aza abinka bisa, ka durƙusa bayansa kada ta gan ka."

Na yaye labulen ƙofa, na zauna bakin dokin ƙofa inda hasken la'asar ke shigowa. Na ce, "Yaya, ga ta nan tafe, mai ƙaiƙayi ya sosa tun yanzu."

Ta ɗago. Na shaƙe murya irin ta Kaka, na kai ta har gindin randa. Ta yi tsit, ido waje. Ina jin Lawali ya daina numfashi, yana murzawa a hankali. Ƙit.

Hoton ya fito. Bango bai fita ba, mayafi ma haka. Amma idonta na dama tar, da ɗigon hasken ƙofa a ciki. Kafin a yanke shinkafar fadamar Bakolori muka yi mata sutura.

Muna yara na ɗauka dabara ce kawai ta sa mu zauna shiru. Yanzu in na rufe ido ina neman fuskar Kaka, ba ta zuwa duka. Hanci ya tafi, baki ya tafi. Wutar kara cikin ido guda ta rage mini. Ashe iyakar abin da ake bar wa mutum ke nan, shi ma sai in ya daina laluben ruwan.