Ranar da Kawu Ya Tura Babur Ɗinsa Gida

Jiya wani ya kawo babban babur garejina a Sabon Gari, ya ce in rage masa tsayi. Ina yanka soson kujerar, marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Tsohon malamin makaranta ne a Samaru. Ba ya hawa babur ɗinsa sai ya goge kujerar da hankici. Da tsufa ya ranƙwafar da shi, ƙafarsa ta daina kaiwa ƙasa. Wata rana ya kawo mini babur ɗin da gwiwa a ƙuje, yana warin man zafi.

"Ɗana, sauke mini shi kaɗan, amma kada ya yi tauri. Bayana ba lafiya."

Aikin awa ɗaya ne, a sassauta sifirin na baya, a rage soson, a ɗora mai laushi. Amma 'yan acaɓa na zaune, ina son in burge su.

"Kawu, babur bai ƙara tsawo ba, kai ne ka ƙare. Sanda za ka saya."

Suka kwashe da dariya. Kawu ya tura abinsa har gida. Bai sake hawansa ba har ya rasu.

Allah ya kai haske kabarinsa, ni kuma ya yafe mini abin da bakina ya yi.