Shekara Tara Babu Sale Sai-Gobe

Yau shekara tara da rasuwar yayana, Hamma Sale mai walda na unguwar Kumbiya-Kumbiya, wanda garin nan ya raɗa wa Sale Sai-Gobe. Ba sunan yabo ba ne. Ko ƙofar bayi ka kai masa, ba za ka karɓa ranar ba.

Dalilin yana cikin wata jarka. Asid ɗin fosforik ne a ciki, wanda ya sani tun yana karatun kimiyya. Yakan ce shi ake sarrafawa a yi takin zamani, shi ne kuma ɗan tsamin da ke cikin baƙin lemon kwalba. Idan ya shafa wa ƙarfe, jar tsatsa sai ta koma baƙar fata mai riƙe fenti. Sai dai dole ƙarfen ya kwana ya bushe. Mutanenmu kuwa ba sa jiran kwana ɗaya. Suka koma wurin masu lafta fenti a kan tsatsa, ya mutu shagonsa ba kowa. Ranar jana'iza su ne a sahun gaba, suna cewa an yi rashin mai gaskiya. Har yau ban yafe wannan yabon ba.

Da zai leƙo yau, zai ga sunansa a allon shagon, ga ciniki har bakin titi. Ɗansa Auwalu ne a ciki. Saboda sunan nan na sa makarantar da nake koyarwa a Nasarawo ta ba shi aikin ƙafar tankin ruwa. Da safe aka ba shi, da la'asar ya kafa. Na yi murna, Allah ya yafe mini.

Bayan damina na ga fentin ya kumbura a gindi, daidai inda 'yan aji ɗaya ke zama cin abinci lokacin tara. Na kankare da makulli, sai ga jan garin tsatsa yana zuba. Ashe albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Na same shi a shago. Ya ce, "Goggo, asid ɗin Baba me ya bar mana? Da wannan fentin nake ciyar da Inna."

Bai yi ƙarya ba. Mako guda ina juya maganar: ga abincin matar yayana, ga 'ya'yan mutane a ƙarƙashin tanki. Ranar Litinin na kai shugabar makaranta wurin, na miƙa mata makullin. Aka sauke tankin, labari ya zaga, makarantu biyu suka janye aikinsu.

Ana cewa mutumin kirki yakan bar gado. Hamma bai bar gida ba, bai bar almajirin sana'a ba. Taurin kan nan kawai ya bari, ni kuma ya faɗo wa. Allah ya jiƙansa. Iyalinsa sun yi saukar Alƙur'ani dominsa jiya, a bakin maƙwabta na ji.