Shekarar da Firigonmu Ya Ƙaura Djougou

Tun da na shiga kwaleji, ni ce mai karanta wa Baba faktir, wato takardar kuɗin wuta, don ni kaɗai ke jin Faransanci a gidanmu na Zongon Parakou. Da an kawo ta sai ya shimfiɗa tabarma, ya sa tabarau duk da ba shi zai karanta ba, ya ce, "Bi a hankali, kada ki ƙara musu ko dala."

Sai in bi layi-layi: wutar da muka sha, hayar kontar da ke ƙirga ta, haraji. Kowane layi da salatinsa. Kuɗin kuwa ya fi ƙarfin gida mai ƙwan lantarki huɗu da fanka da tele da dutsen guga da firigo ɗaya na sanyaya ruwa.

Rannan Baffa, wan Baba mai sayar da goro a Djougou, ya kawo mana ziyara. Da ya ji ƙorafin ƙaninsa sai ya zaro tasa faktir daga aljihu, ya ma naɗe goro a ciki. Ba ta kai kwatan tamu ba.

"Ai wutarmu ta fi araha," in ji Baffa. "Mu ke kusa da inda take fitowa. Kafin ta iso Parakou kuɗin mota ya hau kanta."

Baba ɗan kasuwa ne, maganar kuɗin mota ba ya musu da ita. Washegari ya ce a kai firigo Djougou ya riƙa shan mai araha.

Inna ta ce, "Alhaji, ruwan sanyin fa?"

"In mun je gaisuwar Sallah sai mu sha."

Aka ɗaure firigo a saman taksi, muka tsaya bakin ƙofa muna kallo har ya sha kwana. Wata ya ƙare, faktir ta zo, ta ƙaru. Tele ta bi firigo. Dutsen guga ya bi tele, fanka ta bi su ana tsakiyar zafi. Baba ya kwance ƙwai uku ya kulle a akwati, ɗayan muka riƙa yawo da shi ɗaki-ɗaki. Faktir ta sake ƙaruwa.

Da hutu aka tura ni Djougou. Na tarar da firigonmu a falon Baffa, wayarsa a nannaɗe, cikinsa maƙil da goro a ganye, hulunan Baffa a jere a benen sama na cikinsa.

"Baffa, ba ka kunna shi?"

"In kunna? In jawo wa kaina irin faktir ɗin ubanki?"

Ashe kayan wutar gidansa kaf ƙwai biyu ne, rediyonsa ma da batir yake.

Da na ba Baba labari, ya ja ni ofishin wuta in yi masa tafinta. Ma'aikacin ya saurara har ƙarshe, ya danne dariya, ya ce farashi ɗaya ne daga bakin teku har iyakar Nijar, yawan abin da ka sha ne ke hawa da kai. Baba ya ce mu ai azumin wuta muke yi. Sai aka haɗa mu da mai gyara.

Mutumin ya zo da hantsi. Ya kashe ƙwanmu tilo, kontar ta ci gaba da gudu abinta. Ya kunna ƙwan, ya sauke makunnin kontar, ƙwai bai ko ƙifta ba. Sai muka ji ihu ta bayan katanga: "Wayyo, ƙanƙarata!"

Hajiya ce, maƙwabciyarmu mai sayar da daskararren zobo, mai manyan injunan sanyi uku. Ranar da aka kafa kontocin gidajen biyu a bango ɗaya aka musanya wayoyin. Mu ke biyan nata, ita ke biyan namu. Duk watan da muka rage kaya faktir ɗinta sai ta ragu, ita kuma ta soya waina ta yi sadakar godiya ga Allah. Mun ci wainar nan ba sau ɗaya ba.

Aka kai magana gaban limamin unguwa. Hajiya ta share ƙwalla ta ce, "Alhaji, ni ma fa an cuce ni. Da na san tsadar wuta da ban sayi inji na uku ba." Baba ya ji kunyar karɓar kuɗi a hannun maƙwabciya. Liman ya yanke cewa ta riƙa aiko mana ƙullin zobo ashirin kullum har shekara.

Mu biyar ne a gidan. Sati biyu muka yi da jajayen harsuna, sannan kowa ya ƙoshi. Inna ta kafa tebur a ƙofar gida tana sayar da ragowar a rabin kuɗi, masu sayen Hajiya suka dawo wajenmu. Kafin wata ya cika mun koma gaban liman, wannan karon Hajiya ce mai ƙara.