Hipolit, Mai Sassaƙa Beyar a Biskit

Ranar Talata, 4 ga Maris, 1890, Allah ya karɓi ran Hipolit Zaremba a gidansa da ke Warso, babban birnin ƙasarmu da Rasha ta mamaye, bayan jinyar ƙirji da ya daɗe yana fama da ita.

Hipolit, aminina, maƙwabcina, da zuciya mai nauyi nake wannan rubutu. Wasu sun yaƙi Rasha da bindiga, kai kuwa da 'yar wuƙar sassaƙa ka yi naka yaƙin. A katakon da matarka Apoloniya take buga biskit ɗin zuma ka sassaƙa ƙaton beyar, dabbar nan da ake kwatanta Rasha da ita, sanye da hular hafsan Rasha, ya danne farar mikiya, tambarin ƙasarmu, ita kuma tana saran hancinsa. Duk wanda ya saya, kan beyar yake fara gatsawa. In 'yan sanda suka shigo, kafin su buɗe baki mun cinye shaidar. Ka sa mu dariya a shekarun da ko baƙin kayan makoki an hana matanmu sawa.

Katakon ne ba ya ciwuwa. Da 'yan sanda suka same shi bayan tawayen 1863, suka tura ka zaman kaso a Sibiriya, can yankin ƙanƙara na Rasha, ka dawo da furfura, sanyi ya cinye maka yatsu biyu.

Bayan dawowarka samari suka zo suna roƙon ka sake sassaƙa beyar, ka ƙi. Ka ce a ƙauyukan can, talakawan Rasha ne suke ajiye burodi da madara a bakin taga domin fursunonin da suka tsere, kuma da shi ka rayu. "Ku kawo mini fuskar gwamna in yi mata kaca-kaca," in ji ka, "amma waɗanda suka ciyar da ni ba dabbobi ba ne."

Shi ke nan aka ce an saye ka. Aka daina gaishe ka a ƙofar coci, shagon Apoloniya ya koma wayam. Wannan ya fi Sibiriya yi maka ciwo, na sani, ko da yake ba ka taɓa faɗa ba. Ana saura kwanaki ka cika ka tambaye ni, "Ɗan'uwa, har yanzu ɗan koren Rasha suke ce mini?"

Ranar jana'iza samarin nan suka zo, suka ɗauki akwatinka a kafaɗa, suna rera waƙar ƙasa da aka haramta, 'yan sanda na kallo. Da sun zo mako guda kafin nan, da ka ji da kunnenka.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutun da ƙasarka ba ta ba ka ba. Apoloniya, ke da 'yarki Jadwiga, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sanyaya zukatanku. Amin.